Kwamfutar da Na Sa a Akwatin Amarya

Jiya ɗaya daga cikinku yana gyara mini gwangwanin kayan aiki, sai ya zaro wani tsinken tsintsiya daga tsakanin sukudirebobi, ya nufi kwandon shara da shi. Na daka masa tsawa har ya firgita. Da ya mayar, sai ya ce, "Baba, mene ne amfanin tsinke a aikin kwamfuta? Ai aikin nan soke-soke ne kawai, wannan ya shiga nan, wancan ya shiga can, a danna ta kama." Na yi dariya har tabarau ya zame mini. Gaskiyarsa, soke-soke ne. Amma akwai ranar da za a danna ta ƙi kamawa. Ni an yi mini wannan ranar, kuma aurena yana kan teburin tare da ita. Ku gyara zama.

A Kaduna na koyi aikin, shekara uku, wajen wani Bayarabe da muke kira Oga Tunde. Wata shida na farko ko babban allon nan da muke kira madabod bai bari na taɓa ba. Aikina kaɗe ƙura da buroshi, da tsince sukurori ina rarraba su a gwangwanayen madara, manya daban, ƙanana daban. Dokokinsa uku ne, kullum sai ya maimaita su da Hausarsa mai daɗi. Ta farko, kafin ka taɓa allo ka taɓa ƙarfe, don wutar jikinka ta fita. Ta biyu, idan kwamfuta ta ƙi tashi, daga bango ake fara bincike, a biyo waya taki-taki, kada a yi tsalle. Ta uku, idan duk an bi ta ƙi, a fito da allon daga gidansa a kwantar da shi tsirara a kan kwali. Ranar da ya sallame ni ya ba ni sukudireba mai kan tauraro, da mitar gwada wuta mai allura, da buroshin da na tsufa da shi a hannu. Har yau suna cikin gwangwanin nan.

Lokacin da na dawo Yelwa, jihar Kebbi ba ta cika shekara goma da kafuwa ba. Kwamfutocin garin za ka ƙirga su da yatsun hannu ɗaya, duk a ofisoshi, an lulluɓe su da ƙyalle kamar jarirai. Mai son wasiƙa sai ya je wajen masu tafireta a gindin bishiya. Mai son katin biki sai ya hau mota zuwa Kontagora. Ni kuwa na kama ɗan shago a hanyar da ke gangarawa bakin ruwa, tsakanin wani tela da mai sayar da komar kamun kifi, da niyyar in haɗa kwamfuta da hannuna in riƙa buga wa mutane takardu.

A cikin jirgin ruwa mai zuwa Wara na fara ganin Rabi'atu. Malamar firamare ce a can. Ruwa ya kwanta lumui, rana tana wasa a kansa, ita kuma ta sunkuya a kan wani ɗan littafin soyayya irin na kasuwa, iska tana kaɗa gefen mayafinta. Na leƙa bangon, na ga na karanta shi sau biyu. Don in nuna ni ma gwani ne, sai na gaya mata yadda labarin zai ƙare. Ta ɗago ta dube ni, ta rufe littafin, ta juya mini baya har muka sauka. Wata uku ina aika mata littattafai ta hannun direban jirgi, kowanne da takardar ban haƙuri a ciki, kafin ta amsa. Amsar layi ɗaya ce: "Wannan ma ka faɗi ƙarshensa, ka gani."

Mahaifinta ya rasu tun tana ƙarama, don haka maganar aurenta tana hannun ƙanensa, Baba Alu, wanda ya shekara arba'in yana haɗa jiragen katako a bakin ruwa. Da aka kai masa zancena, abu ɗaya ya tambaya.

"Wace sana'a garai?"

Aka ce kwamfuta.

"Ci akai, ko hawa akai?"

Aka yi ta bayani, bai gamsu ba. Ya ce shi ba ya ba da ɗiya ga sana'ar da bai gani da idonsa ba. Zai zo Yelwa ranar kasuwa ta sama da ta sama, ya ga abin yana aiki. Idan ya ga sana'a, magabatana su zo. Idan bai gani ba, in je in koyi wadda ake gani. Rabi ta rubuto mini wannan duka, ta ƙara da cewa, "Ka shirya. Mutum ne mai barkwanci, amma ya taɓa korar wani ma'aikacinsa don ya toshe tsagar jirgi da laka ya shafe da fenti."

Kwana goma sha huɗu ke nan gare ni. Na hau mota zuwa Legas na sayo kayan ɗaya bayan ɗaya: allon, da ƙwaƙwalwar da muke kira furosesa da 'yar fankarta, da ram mai riƙe aikin da ake cikin yi, da akwatin wuta da muke kira pawa, da faifan ajiya wanda aka riga aka zuba mini manhaja a ciki, da monita, da kibod, da wata tsohuwar firinta. Masu laushin na naɗe su a zanin Inna na rungume a cinya tun daga Legas har gida. Monita da firinta suka samu wuri a gaban mota. Gidan kwamfutar kuwa, wato akwatin ƙarfen da ake ɗaure komai a ciki, sai yaran mota suka ce ai fanko ne, suka jefa shi baya. A wani gari aka yi lodin buhunan gishiri na masu kifi. Da muka iso Yelwa aka sauke gishirin, sai ga gidan kwamfutata ya koma faranti. Abin da na tsira da shi maɓallin kunnawa ne da wayarsa, da 'yan ƙafafun tagulla guda shida da allo ke tsayawa a kansu.

Babu mai sayar da irin wannan gidan a Yelwa, komawa Legas kuma babu lokaci. Sai na tuna da Shehu Mai Akwati, abokina tun muna makarantar allo, wanda yake ƙera akwatunan ƙarfe na amare a bayan kasuwa. Na kai masa farantin. Ya juya shi, ya auna da zare, ya ce, "Wannan ne ya hana ka cin abinci? Ba ni kwana huɗu."

Kwana shida ya yi. Da ya kawo, na rasa dariya zan yi ko kuka. Awo ya fita daidai, ramukan sukurori kowanne a wurinsa, tagar fanka ya yanka ta siffar tauraro. Amma ya shafe shi da koren fenti, ya zana jajayen furanni a gefe biyu, da tsuntsaye biyu suna haɗa baki, har da marfi mai wurin sa kwaɗo.

Na ce, "Shehu, kwamfuta ce fa, ba lefe ba."

Ya ce, "Ni hannuna bai iya akwati mara fure ba. Kuma ai duk maganar aure ce, ko ba ita ba?"

Cikin raina abin ya burge ni. Nan take na raɗa mata suna Gimbiya.

Ana gobe kasuwa, bayan la'asar, na haɗa ta. Na taɓa ƙarfe. Na ɗaura ƙafafun tagulla shida, na ɗora allon a kai. Duk wanda bai taɓa kallon sabon allo a hasken yamma ba, bai ga gari ba: kore shar, da tituna na zinariya, da 'yan gidaje jere. Na ɗaure sukurorin tamau, don kada a ce aikina ya yi sako-sako. Na zaunar da furosesa, na danna ram har ta yi ƙas, na jona wayoyi. Gwadawa ce kawai ta rage, ita kuma babu hali, don tun safe aka ɗauke wuta. Mu da tafkin da ake yin wutar yake bakin ƙofarmu, mu ne muka fi kowa sanin duhu. Na rufe shago na tafi gida ina tsara yadda gobe za ta kasance, kamar a littafi: tsoho ya shigo fuska a ɗaure, saurayi ya danna maɓalli, haske ya cika ɗaki, tsoho ya share ƙwalla.

Da hantsi aka kawo wuta. Fankar rufi ta fara juyawa, rediyon tela ya kama waƙa. Na yi bisimilla na danna maɓallin Gimbiya. 'Yar fankar ciki ta motsa kamar za ta tashi, ko zagaye ɗaya ba ta cika ba, ta tsaya. Shiru. Na sake dannawa. Ko motsin ma babu.

To ku saurara, nan ne aikin yake. Na fara daga bango, yadda aka koya mini. Na ari dutsen gugar tela na soka a soket ɗin, ya yi zafi. Na duba allurar situbilaiza mai daidaita wuta, tana inda ya kamata. Na cire wayar wutar na musanya da ta monita, na danna, fanka ta yi motsin nan nata ta tsaya. Na leƙa bayan pawa, inda ɗan jan makunnin nan yake mai zaɓar ƙarfin wutar ƙasarmu ko ta wata ƙasa, wanda ya kashe kwamfutoci da yawa a hannun masu gaggawa. Yana daidai. Na zare pawa daga allon gaba ɗaya, na lanƙwasa 'yar waya na haɗa koren layi da baƙi, sai fankarta ta tashi tana juyi lafiya lau. Ashe ba ita ba ce. Na ce ko maɓallin ne gishiri ya danne, na cire wayarsa na taɓa 'yan ƙusoshi biyun da take shiga a allo da bakin sukudireba. Motsi ɗaya, shiru. Na zare ram na goge haƙoranta da magogin fensir na mayar. Na cire faifan ajiya, na cire duk abin da za a iya cirewa. Motsi ɗaya, shiru.

Doka ta uku ta rage, kuma ina sane da ita. Na ƙi yin ta. Dalili kuwa, muddin allon yana cikin akwati, ina iya cewa wani ƙaramin abu ne. Idan na fito da shi kan kwali ya ƙi tashi, to allon ne ya mutu, kuma Legas tafiyar kwana biyu ce. Sai na koma bango na sake farawa, sau uku, ina zufa, ina jin ƙarar injinan jiragen kasuwa suna isowa ɗaya bayan ɗaya.

Shehu ya shigo da sabuwar hula, ya zo ganin yadda za a yaba akwatinsa. Ya ga fuskata, ya ga Gimbiya.

"Ta ƙi?"

"Ta ƙi."

Ya leƙa waje, ya dawo ya rage murya. "Kai ma dai ba ka da wayo. Makashin wutar shagon nan ba a baya yake ba? In je in sauke shi. Tsoho ya zo, ka ce an ɗauke wuta. Wa zai yi musu a garin nan? Ya sake dawowa kasuwa ta gaba, kafin nan ka gyara."

"Rediyon tela fa?"

"Bar ni da tela. Ni na yi wa ƙanwarsa akwati."

Ban hana shi ba. Ya fita. Rediyo ya yi shiru. Fankar rufi ta fara rage gudu, kuma tana cikin ragewa aka yi sallama.

Baba Alu ne. Gajere, baƙi, kafaɗunsa kamar ƙofa, da tsohuwar jaka ta buhu a rataye. Na durƙusa na gaishe shi, muka yi gaisuwar ruwa da ta iyali da ta gajiyar hanya. Na ba shi kujera, na kawo ruwa. Ya sha, ya dubi akwatin mai furanni, ya daɗe yana dubawa.

"Wanga shi ne abin? Ko kayan ɗiyata ne kunka fara tarawa tun ban ba ku ba?"

"Shi ne, Baba."

"To, a tashe shi mu gani."

Shehu yana bakin ƙofa yana ƙifta mini ido. Maganar tana kan harshena, gajeruwa, mai sauƙi. Sai idona ya faɗa kan hannuwan tsohon, duk tabon guduma da ƙusa, na tuna da laka da fenti.

Na ce, "Shehu, je ka mayar da wutar."

Shehu ya buɗe baki. "Wace wuta?"

"Wadda ka sauke."

Ya fita yana gunaguni. Fanka ta dawo. Na ce, "Baba, wuta akwai. Injin ne ya ƙi tashi. Jiya na haɗa shi, tun hantsi nake nema, ban gano ba."

Ban san abin da na zata zai yi ba. Shi dai ya jawo kujerarsa kusa da teburin, ya ajiye jakarsa a ƙasa. "Mi da mi ka duba?"

Na lissafa masa, tun daga bango. Yana gyaɗa kai kamar ya san kowanne.

"Mi ya rage?"

"In fito da allon waje."

"To mi kake jira? Mu jirgi in ya dame mu, ba mu duba shi cikin ruwa. Tudu muka jawo shi, mu kife shi, mu ga cikinai. Fito da shi."

Abin da Oga Tunde ya shekara uku yana faɗa mini ke nan, sai ga shi daga bakin mutumin da bai taɓa ganin kwamfuta ba. Na kwance sukurori shida. Na shimfiɗa kwalin da allon ya zo a ciki, na kwantar da shi, na jona pawa da monita kawai. Na taɓa ƙusoshin nan biyu da sukudireba.

Fanka ta tashi. Ta ci gaba da juyawa. Sai ƙara ɗaya, ƙit, 'yar siririya, wadda duk mai wannan aikin ya fi son ta da kowace waƙa. Fararen haruffa suka fito a fuskar monita.

Shehu ya yi tsalle har hularsa ta faɗi. Na ce, "Ga ta nan, Baba! Tana aiki!"

Tsohon ya dube ta a kwance a kwali, wayoyi ko'ina. "Haka za ka riƙa neman abinci da ita, hanji waje? In kaza ta shigo fa? Mayar da ita ɗakinta mu gani."

Na mayar, na ɗaure, na danna. Motsi ɗaya, shiru.

Mu uku muka juya muka kalli akwatin. Shehu ya dafe ƙirji. "A'a, kada a ɗora mini. Akwatina ya kai amare har Shanga da Birnin Yauri, ba a taɓa dawo da ko ɗaya ba."

Baba Alu ya ce, "Amaren ba su aiki da lantarki, ɗana."

Na haska tocila, na leƙa ta sama, na leƙa ta gefe. Ƙafafu shida suna nan daram, allon yana tsaye a kansu, ban ga inda ya taɓa komai ba. Tsohon ya ce in ɗaga masa akwatin saitin fuskarsa. Ya rufe ido ɗaya, ya bi ƙasan akwatin da kallo, yadda suke duban katako ko ya miƙe. Sannan ya miƙa hannu kusurwar shago ya zaro tsinke ɗaya daga tsintsiyata. Na zare wayar wuta. Ya zura tsinken tsakanin allon da kwanon ƙasan akwatin, daga gefe. Ya shiga sumul, ya yi ta tafiya, da ya kai tsakiya ya tsaya cak. Ya gwada ta ɗaya gefen. Nan ma tsakiya.

"Kwanon ya yi ciki," in ji shi. "Wa ya ɗaure sukurorin nan?"

"Ni ne, Baba."

"Da ƙarfin saurayi. Abu mara kauri in ka matse kunnuwanai huɗu, tsakiya ta ka tashi. Katako ma haka yake yi. Ga shi ya taso yana taɓa bayan allonka. To taɓawar ita ce mi?"

Nan ne ni ma na samu abin faɗa. Na sake fito da allon na kifa masa, na nuna masa bayansa, duk 'yan tsinin dalma kamar ƙaya. Na ce kowanne da hanyar wutarsa, idan ƙarfe ya haɗa biyu wuta ta bi inda ba a aike ta ba. Ita kuma pawa an gina ta da hankali, da ta ji haka sai ta yanke kanta kafin wani abu ya ƙone. Motsin nan ɗaya da fanka take yi, shi ne tashinta da yankewarta.

Ya kalli tsinin. "Ashe ba mutuwa ta yi ba. Tsoro ta ji."

"Haka ne, Baba."

"Tana da hankali fiye da wasu matuƙan da na sani."

Shehu ya ruga ya ɗauko gudumar katako, ya kwantar da cikin kwanon da bugu uku, yana cewa shi tun farko ya so ya sa mai kauri. Baba Alu ya ce zai sake tasowa in rana ta yi zafi. Ya buɗe jakarsa ya zaro wata igiya da aka jera wa 'yan gutsattsarin roba, irin waɗanda masunta ke yankowa daga tsofaffin silifas suna ɗaura wa koma don ta yi iyo. A kasuwa ya sayo wa maƙwabcinsa. Ya tambaye ni ko wuta tana bin roba, na ce ba ta bi. Ya ciro wuƙa ya yanka guda huɗu daidai tsayin ƙafafun tagulla, yana gwadawa yana ragewa, shuɗi biyu, ja ɗaya, rawaya ɗaya. Muka jera su a tsakiyar akwatin. Na ɗora allon, na ɗaure sukurori, wannan karon yana tsaye a kaina yana cewa, "Ya isa. Ya isa, na ce." Ya sake zura tsinke, ya wuce ta ko'ina sai inda roba take.

Na jona komai. Na kai hannu ga maɓalli, sai ya buge mini hannu.

"Kauce. Wa ya gyara?"

Ya yi bisimilla ya danna da babban yatsansa. Fanka ta tashi, iska ta fito ta tagar tauraro, ƙit, haruffa suka zubo. Tela ya leƙo, mai koma ya leƙo, masu wucewa da kwandunan kifi suka tsaya a ƙofa.

Na ɗauka katin biki zan fara bugawa a kanta, har na tsara kalmomin a raina tun a mota. Baba Alu ya ce a rubuta sunansa. Na buga da manyan haruffa, ALU MAI JIRGI, WARA, firinta ta yi ta kuka kamar injin markaɗe, takarda ta fito. Ya sa Shehu ya karanta masa sau biyu, ya ninke ta ya cusa cikin hula. Ya rataya jakarsa, ya yi mana sallama, bai ce komai game da abin da ya kawo shi ba. Na raka shi. Sai da muka kai bakin hanya ya tsaya, ya nuna shagon da ke kallon nawa da haɓa.

"Ƙwan wancan shagon a kunne yake tun da na iso. Da ka ce mini babu wuta, da ruwanka kawai zan sha in koma." Ya gyara hula. "Ka ce ma magabatanka su taho Jumu'a. Su biyo jirgin safe. Na yamma yana yoyo, ba ni na yi shi ba."

Shekara tara Gimbiya ta yi tana aiki. Ta buga katin bikinmu, ta buga takardun jarrabawar makarantu, da wasiƙun neman aiki, da sanarwar suna da ta walima ba adadi. Wani hedimasta daga Ngaski da na haɗa wa tasa a gida na kamfani, fari tas, ya dawo da ita ya ce shi mai fure yake so, irin wadda ba ta lalacewa. Shehu ya yi guda biyar a shekarar, da kwano mai kauri.

Mun ga shekara mara daɗi kuma. Wata damina tsawa ta faɗa kan layin wutar unguwarmu, ta ƙone kusan duk injin da na haɗa wa mutane, suka yi ta kawo mini gawarwaki ina buɗewa ina jin ƙauri. Kayan gyara suka yi wuya, aiki ya tsaya, na koma gyaran tocila da rediyon masunta har kaka. Gimbiya ba ta ji komai ba, don ranar na zare wayarta daga bango kafin hadari ya iso. Na gaya wa Baba Alu haka. Ya ce ƙarya nake, silifas ɗinsa ne. Har ya bar duniya yana gaya wa fasinjoji cewa shi ya tashi kwamfutar farko a bakin ruwan Yelwa, wani yaro yana riƙe masa tocila. Ban taɓa musa masa ba.

Da ta tsufa na kwashe kayan cikinta, Rabi ta aiko a kai mata akwatin. Yana ɗakinta yanzu, cike da littattafanta, ta sa masa kwaɗo. Ta ce don kada wani ya karanta ya faɗa mata ƙarshe.

Tsinken kuwa, shi ne wanda ka so ka zubar jiya. Ga can wata sabuwa a kan tebur, ɗazu aka haɗa ta, an danna ta ƙi. Tashi ka fara daga bango. Idan ka iso tsakiya, zan ara maka.